Shafukan da Ba Su da Maiƙo

Duk wanda ya san gidanmu a unguwar Sa'alaba da ke Jidda, in ka tambaye shi abin da ya hana yayata Fauza shahadar kammala jami'a, ruwan sama zai ce maka. Haka Umma take faɗa, haka maƙwabta suke faɗa, ita kanta Yaya Fauza haka take gaya wa 'ya'yanta: ruwa ya shiga ɗaki, ya jiƙa mata takardu, ta faɗi jarrabawa. To ba ruwa ba ne. Ruwan dai ya zo, ina nan, da hannuna na kwashe shi a bokiti. Amma ba shi ya kayar da ita ba. Ni ce.

Shekara goma sha biyu ina riƙe da wannan magana, kuma da zan ci gaba da riƙe ta, ba don azumin bana ba.

Azumin bana zafi ne tsagwaronsa. Tun ƙarfe tara na safe iska take tsayawa cak, gumin teku ya lulluɓe Jidda, kaya su manne wa mutum a jiki. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta gurnani yana ɗigar da ruwa a bango, ɗakin kuwa kamar an rufe tukunya. Kafin la'asar harshe ya zama kamar tsumma. Wancan azumin da zan ba da labari ba haka yake ba, a sanyi ya faɗo. Sanyin Jidda ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya isa ya sa simintin tsakar gida ya ciji ƙafa da asuba. Ƙishirwa ba ta dame mu ba a lokacin. Yunwa ce. Yunwar sanyi daban take, tun hantsi take fara murɗa ciki, ga ƙamshin soyayyar albasa a hancinka wuni guda.

Ina da shekara goma sha huɗu. Baba ya cika wata bakwai da rasuwa. Tela ne, shagonsa wani ɗan lungu a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, kuma shi ya kafa wata al'ada a gidanmu da ban taɓa gani a wani gida ba: wanda hannunsa ke kan aiki, wanda hannunsa ke sake shi zai karanta masa. In ya kawo ɗinki gida, idonsa na kan allura, sai ya miƙo jarida ko wani littafi ya ce, "Yalla, wa ke zaune banza?" Haka muka taso. Ba a zaman shiru a gidanmu, ba a kuma hirar banza a kan aiki. Karatu ake yi. Baba ya sha faɗa cewa shi allura ta cinye masa ido, amma 'ya'yansa ba za su zauna a kan keken ɗinki ba.

Da ya rasu, abin da muka iya muka kama. Sambusa. Umma ta shahara da warƙa, wato ɓawon sambusa, mai sirantaka har kana hango tafin hannunka ta ciki. Masu baƙala biyu, wato kantunan unguwa, suna karɓa, gidaje kuma suna aiko wa a naɗe musu ɗanya. Aikin wata ɗaya ne da zai riƙe gida wata uku, saboda haka ba wasa a ciki.

Ga yadda ranar take. Bayan sallar asuba Yaya Fauza ta ɗauki manyan littattafanta ta zauna a bakin ƙofa har rana ta fito. Ni da Umma mu duba tanki. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, in ya ɗauke sai a jira wayit, motar ruwa, wani lokaci kwana biyu. Ruwan wanke hannu shi za a zuba a banɗaki, ko ɗigo ba a zubarwa. Ƙarfe takwas a fara kwaɓi. Ƙarfe goma a fara murji: Umma ta murza, ni in shafa mai tsakanin warƙa da warƙa in jera, a ɗora a kasko a ɗan gasa, a ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Daga azahar zuwa la'asar naɗi ne, kuma nan Yaya ta fi kowa, yatsunta kamar inji. Da la'asar a zo a karɓa. Mu kuma da magariba waɗanda suka fashe muke ci, da dabino, da shurba, wato romo, wadda ƙashi ɗaya ya yi mata kwana biyu.

A cikin wannan hali Yaya take zangonta na ƙarshe a jami'a. Tarihi take karanta, ta hanyar intisab, wato karatu daga gida, sai jarrabawa kawai ake zuwa. A fannin nata ba mai kama ta. Amma jami'a tana da wasu darussa da take ɗora wa kowa, ko me ya zo karantawa: Larabci, Turanci, ilimin addini, ɗan lissafi, ɗan kimiyya. Darussan kowa da kowa muke ce musu a gida. Ɗalibai sun raina su, kowa sai ya tura su ƙarshe. Yaya ta gama duka sai ɗaya, wai shi Mutum da Muhalli. Kuma wannan zangon shi ne damarta ta ƙarshe, domin zango biyu ta ɗage tana jinyar Baba. In ta faɗi ko da darasi ɗaya ne, za a rufe mata fayil. Ga wata makarantar 'yan mata ta kuɗi ta yi mata alkawarin aikin koyarwa, har za su mayar da iƙamarta, takardar izinin zama a ƙasar, hannunsu, sharaɗin kawai ta kawo shahada.

Ran ɗaya ga azumi ta jefo min malzamar, littafin darasin da ake bugawa a injin kwafi, mai bango kore.

"Manyan ni zan ji da su da asuba," in ji ta. "Wannan ƙaramin ke za ki karanta min muna aiki. Bayan Salla in bi shi da idona sau ɗaya, halas, an gama."

Na juya shi a hannu. "Yaya, ke da kike Tarihi, me ya haɗa ki da duwatsu da tsirrai?"

"Su mutanen tarihin a iska suka zauna?"

"Ni dai ɓata lokaci na gani."

"To ki ɓata shi da ƙarfi yadda zan ji," ta ce. Umma ta yi dariya, karon farko da na ji dariyarta tun rasuwar Baba.

Haka muka fara. Malzama a kan cinyata, hannun dama cikin kwanon mai ina shafa wa warƙa, da shi kuma nake juya shafi. Yaya ba ta ɗago kai, amma kunnenta ba ya barin komai. In na yi tuntuɓe a kalma ta gyara min ba tare da ta duba ba. Wani lokaci ta ce, "Maimaita nan." Na tsani wannan kalma. Ni tun ina ƙarama ba ni da haƙuri, abu in na fara so nake in ga ƙarshensa. Umma kuwa ta ce ranar da aka gama littafin, daga nan in an idar da azahar zan iya zuwa in kwanta. Barcin nan shi na sa a gaba.

Babi uku na farko na jure. Ran sha uku ga wata, ban manta ba, wayit bai zo ba, mun yi sahur da shayi da gutsuren burodin tamis, cikina yana ta ƙugi. Na buɗe sabon babi na ga ruwa da yanayi ne. Zane-zane cike da kibiyoyi, sunayen gajimare masu tsawo da ko furta su ban iya ba, jadawali a kan jadawali. Na leƙa gaba, babi na biyar ma haka, rijiyoyi da kwaruruka da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Na kalli Yaya, kanta a sunkuye. Na kalli Umma, tana fama da kasko. Sai na sa babban yatsa na kama shafukan gaba ɗaya na kifa su, na ci gaba daga babin dabbobi. Dama ba na karanta lambar babi, kan magana kawai nake faɗa.

Shafi ashirin da bakwai. Ko daƙiƙa biyu abin bai ɗauke ni ba.

Da la'asar Yaya ta hango inda na sa alama. "Yau kin yi gudu, Zuwaira."

"Marubucin ne ya fara gajiya," na ce.

Na gaya wa kaina zan dawo musu ranar da na ƙoshi. Mai azumi kuwa yaushe zai ƙoshi da rana? Ran ashirin da biyu na karanta shafin ƙarshe na rufe. Yaya ta goge hannu ta dafa kaina, har gari ya zauna min a ɗankwali. "Allah ya yi miki albarka. Rabin shahadar nan taki ce." Na tafi na yi barcina, kuma wallahi barcin ya yi daɗi. Ba zan yi ƙarya ba.

Ruwan ya zo ran ashirin da shida, bayan azahar. Tun safe sama ta yi nauyi ta gefen teku, iska tana kawo warin gishiri da danshi. Yara na ta murna a layi. Da ya tsuge, ko rabin awa ba a yi ba layinmu ya zama kogi, jan ruwa mai ɗauke da robobi da takalma. Gidanmu tsohon gini ne, ƙasa da titi yake. Ta ƙarƙashin ƙofa ya fara shigowa, sannan rufin ɗakin aiki ya fara zuba wuri uku. Umma tana ihu, "Garin! Ku ɗaga garin!" Muka rungumi buhunan fulawa ni da Yaya muka ɗora a kan gado, muka kwashe farantan sambusa, muka cire wayar firiji. Muna kwasar ruwa da bokiti muna watsawa waje yana dawowa, ga azumi a baki, ƙafafu sun yi fari don sanyi. Abin haushi, tankinmu a bushe yake, mu kuma muna tsaye cikin ruwa har idon sawu.

Malzama kuwa tana ƙasa, gefen inda buhun gari yake, inda na yar da ita ranar da na gama. Sai da ruwa ya janye muka gan ta. Muka shanya ta a saman gida kwana biyu, ta bushe ta kumbura ta manne, ta koma kamar bulo.

Shagon da ke sayar da malzama a bakin jami'a ya rufe hutun Salla, ba zai buɗe ba sai ranar fara jarrabawa. Mai intisab kuma ba ta da 'yan aji da za ta ara a wurinsu. Maƙwabciyarmu Hajiya Ramatu, 'yar Damagaram, ta shigo jaje ta ga abin. Ta ce, "Fauza, kawo a kara shi a kan tururin tukunya. Shafi-shafi zai saki. Haka muka yi da fasfon maigidana."

Yaya ta ce, "Hajiya, bar shi, aiki ya yi mana yawa. Ai na ji shi kaf daga bakin Zuwaira. Ni abin da ya shiga kunnena ba ya fita."

Gaskiya ta faɗa, ba ya fita. Ina tsaye a wurin da tsintsiya a hannu. Saura kwana tara jarrabawa. Da na buɗe baki na ce akwai babi biyu da ba ki ji ba, mari ɗaya zan sha a wurin Umma, a ɗora tukunya, a gama kafin la'asar. Ban buɗe ba. Kifa shafukan nan aikin yarinya ce mai jin yunwa, wannan na iya yafe wa kaina. Shirun kwana taran nan ne ban iya ba. Muka yi Salla, muka sa sababbin kaya, na ci nama na ƙoshi, ban ce komai ba.

Ranar jarrabawar, Yaya ta dawo wajen azahar. Ta cire abaya ta rataye, ta zauna a bakin gado ba ta cire safa ba.

"Zuwaira, mun karanta gajimare?"

"Mun karanta."

"Ruwan ƙarƙashin ƙasa fa? Kwaruruka?"

"Duk mun karanta, Yaya."

Ta ce, "To kaina ne. Kusan rabin tambayoyin daga nan suka fito, na zauna kamar ban taɓa jin su ba."

Umma ta ce, "Ba kanki ba ne, ruwan nan ne. Da kin samu kin maimaita da idonki ai da sun zauna. Ƙaddara ce, 'yar nan."

Daga ranar ruwa ya ɗauki laifin, ni kuma na bar masa.

Sakamako ya fito. Manyan darussan duka ta cinye su da maki mai kyau, ƙaramin ya kayar da ita. Ta rubuta takardar roƙo, ta yi ta zarya, aka ce dama ta ƙare. Makarantar 'yan matan ta ɗauki wata. Kafin shekara ta zagayo Yaya ta shiga wani mashgal, shagon ɗinkin mata, ta zauna a kan keken da Baba ya ce 'ya'yansa ba za su zauna ba. Yanzu tana unguwar Madain Fahd da mijinta da 'ya'ya uku, keken yana cikin falonta. Ba ta taɓa yin ƙorafi a gabana ba. In muka shiga Balad sayayya takan tsaya ta nuna wa yaranta bangon tsofaffin gidaje, ta ce wannan dutsen daga cikin teku aka sassaƙo shi, ta kawo musu zamani da sunan masu mulkin lokacin, har masu shago su tsaya suna saurare. Ni sai in matsa gaba in yi kamar ina duba atamfa.

Ni ma da na gama sanawiyya, wato sakandare, ban nemi jami'a ba. Na ce wa kowa ba na son karatu. Aka yarda, don an san halina.

Yanzu abubuwa sun sauya. Warƙa ta kamfani ta cika baƙala a leda, gidaje kaɗan ne suka rage masu neman ta Umma. 'Yar Hajiya Ramatu tana jami'a, darussanta a waya take saurare tana wanke-wanke, in ta rasa malzama ƙawa ta turo mata kafin ta ajiye soso. Gidanmu kuma ba mai karanta wa wani. Talabijin ke magana.

Shekaranjiya takardar shimfiɗa a faranti ta ƙare. Rana ta take, ba mai iya fita baƙala. Umma ta ce in sauko da kwalin da ke saman kabad, akwai tsofaffin takardu. Na sauko da shi na koma kan albasa. Can na ji shiru ya yi yawa. Na juyo na ga koren bangon malzamar a cinyarta. Shekaru sun sa mannewar ta saki, tana ɓare shafukan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take ɓare warƙa.

"Zo nan," ta ce.

Na zo.

"Kalli nan." Ta ɗaga shafi ta saitin taga. A kusurwar ƙasa akwai tambarin yatsa, maiƙo ya ratsa takardar har haske na wucewa. Ta ɗaga na gaba, haka. Na gaba, haka. "Yatsanki ne. Ruwa ya wanke tawada a wasu wuraren, amma ruwa ba ya wanke mai."

Sai ta kai tsakiya. Ta juya, ta juya, ta juya. Shatin ruwa ne kawai a gefe. Kusurwoyin fes.

"Ni ban iya karatunku ba, Zuwaira. Amma na san maiƙo."

Na ce, "Yunwa nake ji ranar, Umma."

"Mu ƙoshi muke ji?"

Ta ɗago ta kalle ni.

"Ranar da Ramatu ta ce a kara a tururi, kina ina?"

"Ina nan."

Ba ta mare ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta haɗa shafukan ta ɗora min a hannu, ta tashi ta ɗauko tsohuwar jarida ta shimfiɗa a farantin. Da aka kira salla ta miƙo min dabino kamar kullum, sai dai ba ta kalle ni ba.

Jiya bayan azahar na zauna a gaban mukayyif na karanta shafi ashirin da bakwai ɗin nan. Ko awa ɗaya ban yi ba. Sunayen gajimaren da suka tsorata ni guda goma ne kacal. Babi na biyar kuwa kamar a kan layinmu aka rubuta shi: yadda ruwa ke gangarowa daga duwatsun gabas ta tsofaffin kwaruruka, yadda busasshiyar ƙasa ba ta shan ruwa da sauri, abin da ya sa gidan da ke ƙasa da titi yake cika, abin da ya sa garin da ke bakin teku yake jiran motar ruwa. Abin da na ce bai shafi Yaya ba, ashe a cikinsa muka tsaya har idon sawu.

Yau da safe na sa 'yar Hajiya Ramatu ta nemo min lambar ofishin da ke kula da masu intisab. Matar da ta ɗauka ta ce fayil ɗin ya tsufa ƙwarai, ba ta yi min alkawarin komai ba. Ta ce dai mai fayil ɗin ta rubuto buƙata da hannunta bayan Salla, za a duba. Wataƙila su ƙi. Wataƙila Yaya ce ma za ta ƙi, ta ce in fita mata daga gida, kuma tana da gaskiya.

Gobe in an yi la'asar zan shiga tasi zuwa Madain Fahd. Na san yadda zan same ta: ɗinkin Salla ya taru, kanta a sunkuye, ƙafa a kan keke. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, don in na tsaya zan fasa. Zan ce mata, Yaya, ba ruwa ba ne, ba kuma kanki ba ne, ba mu karanta gajimare ba. In ta gama faɗin abin da za ta faɗa, in har ta bar ni na zauna, hannunta na kan aiki nawa kuma a sake yake. Zan buɗe babi na huɗu in fara daga layin farko. Duk inda ta ce in maimaita, zan maimaita.